Tsafi da neman arziki: darasi daga ƙasar Tanzaniya

Da sunan Allah Mai rahama Mai jinƙai. Tsira da aminci su tabbata ga Manzon Allah da iyalansa da sahabbansa.

Bayan haka, ya ku ƴan'uwa Musulmi, tambayarmu ita ce: daga ina arziki yake fitowa, kuma wa ke da laifi idan ya ƙi zuwa?

A arewa maso yammacin Tanzaniya, a yankunan Mwanza da Shinyanga, mutane na neman abinci da kamun kifi a tabkin Biktoriya da haƙar zinariya. Sana'o'i ne da mutum ke samu yau ya rasa gobe. Ta wannan ƙofa bokaye suka shigo, suna cewa layar da aka haɗa da gaɓar zabiya tana cika koma da kifi, tana nuna inda zinariya take. A 2007 da 2008 kisan zabiyoyi ya yawaita, har da yara ƙanana. A 2009 kotu ta fara yanke wa makasa hukuncin kisa, a 2015 kuma gwamnati ta hana bokaye masu duba yin aikinsu.

A ƙauyukan Sukuma kuwa, tsofaffin mata ake kashewa da sunan mayu, wani lokaci don jan ido kawai, alhali hayaƙin murhu ne ya ja shi. A 2005 masanin tattalin arziki Edward Miguel ya nuna cewa a gundumar Meatu wannan kisa yana ninkawa a shekarun fari ko ambaliya. Ashe idan rumbu ya ƙare, bakin da ba ya iya noma shi ake kira maye.

Ɓarnar ba ta tsaya ga jini ba. Kuɗin da zai sayi koma ko taki ya tafi hannun boka. Wanda ya samu yana ɓoyewa don kada a ce tsafi ya yi. Maƙwabci na tsoron maƙwabci, kuma ciniki ba ya tsayuwa sai da amana.

Annabi, sallallahu alaihi wa sallam, ya lissafa sihiri da kisan rai cikin manyan zunubai bakwai masu halakarwa. Arziki na Allah ne, sababinsa kuwa aiki da ilimi da adalci. Mu ma a unguwanninmu akan nuna tsohuwa da yatsa idan yaro ya kwanta. Mu kai yaron asibiti, mu kame harshe daga mutuncinta.

Allah ya azurta mu da halal, ya tsare mana imaninmu. Amin.