Waken Bt da Batun Canza Halitta

Manomin da ke kai wake kasuwar hatsi ta Potiskum yana da haƙƙin ya tambaya: shin irin SAMPEA 20-T, wanda Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru a Zariya ta samar, aka amince da shi a 2019, ya faɗa cikin canza halittar Allah da Suratun Nisa'i ta yi gargaɗi a kai? A ganina bai faɗa ba, kuma hujjar tana cikin hanjin tsutsar da ke cinye fure da kwanson wake.

Wata bakteriya ce ta cikin ƙasa, Bacillus thuringiensis (Bt), ke haɗa furotin mai guba ga tsutsa, wanda wannan irin wake ke ɗauke da shi, tun fil azal. A Japan aka fara gano ta a 1901 tana kashe tsutsar siliki. Idan tsutsa ta haɗiyi furotin ɗin, ruwan hanjinta mai kaifin kanwa ne ke narkar da shi, sai ya manne a wasu gurabe na musamman jikin tantanin da ya lulluɓe ƙwayoyin hanjin, ya huda ƙananan ramuka. Ruwa da gishiri su kwararo ciki, ƙwayar ta kumbura har ta fashe, tsutsa ta daina ci, ta mutu. Cikin ɗan Adam kuwa tsami gare shi, yana narkar da furotin kamar kowane abinci, hanjinmu kuma ba shi da waɗancan gurabe. Wannan iyaka Mahalicci ne ya shata ta, masu bincike sun tarar da ita ne suka yi aiki da ita, kamar yadda manoman Madina ke yi wa dabino barbara, Annabi (SAW) kuma ya bar musu sanin sana'arsu.

Za a ce ai ɗauko ƙwayar gado daga wata halitta zuwa wata ya wuce barbara. Haka ne, shi ya sa bincikensa ya kamata ya fi tsanani. Amma ƙa'idar malamai ita ce asalin abubuwa halas ne sai cutarwa ta tabbata, kuma feshin maganin ƙwari da ake yi wa wake sau shida zuwa takwas a damina ɗaya cutarwarsa ta riga ta tabbata a idon mai feshi da ƙirjinsa. Damuwa ta gaskiya ita ce tsutsa na iya sabawa da gubar, kuma irin ba ya hana ƙwaron rumbu. Don haka malamanmu na Yobe su zauna da masana aikin gona, su ji yadda abin yake, kafin su ba da fatawa a kansa.