Rangwame a Bakin Iyakar Gona

A karkarar arewacin Kano, daga Dawakin Tofa zuwa Bichi da Ɗambatta, gona ba ta hutu. Magada sun yi yawa, ƙasa ta yi kaɗan, iyaka kuwa jerin gamba ce ko shingen aguwa. Da ruwan shuka ya sauka, kunya ɗaya da garma ta ci a gonar maƙwabci ta isa ta tsinka zumuncin shekaru. Da kaka kuma, in shanu suka faɗa wa wake kafin a kwashe shi, sai a zare sanduna.

Halin da ya fi tsada a irin wannan wuri shi ne rangwame: mai gaskiya ya bar wani abu daga haƙƙinsa don gari ya zauna lafiya.

Hausawa Kirista na ƙauyukan Kano, waɗanda da yawansu jikokin Maguzawa ne, suna karanta wannan darasi a Littafi Mai Tsarki, wanda ya fito cikakke da Hausa a 1932. A sura ta 13 ta Littafin Farawa, makiyayan Ibrahim da na Lutu sun yi rikici saboda ƙarancin wurin kiwo. Ibrahim ne babba, zaɓi nasa ne, amma ya bar wa ɗan ɗan'uwansa ya fara zaɓa, Lutu kuwa ya ɗauki kwarin Urdun mai dausayi. A sura ta 26, makiyayan Gerar sun yi wa Ishaku jayayya a kan rijiyoyi biyu da bayinsa suka haƙa. Bai ja da su ba, ya matsa gaba ya haƙa ta uku. Daga baya sarki Abimelek da kansa ya zo neman alkawarin zaman lafiya.

Wasu kan kira wannan tsoro. Labarin Fasto James Wuye da Imam Muhammad Ashafa na Kaduna ya ƙaryata su. A rikicin 1992 da ya taso daga Zangon Kataf, Wuye ya rasa hannunsa na dama, Ashafa ya rasa malaminsa da 'yan'uwansa biyu. Kowannensu yana da matasa a bayansa da dalilin ramuwa. Sun haɗu a 1995, kuma lokacin da mahaifiyar Wuye ta kwanta a asibiti, Ashafa ya je dubiya. Cibiyar sulhun da suka kafa ce ta shiga tsakani har aka sa hannu a yarjejeniyar zaman lafiya ta Yelwan Shendam a 2005.

Bisharar Matiyu, sura ta 18, ta tsara matakan sasanta irin wannan saɓani: a fara samun mutum shi kaɗai, sannan a tafi da shaidu, kafin magana ta kai gaban jama'a. Haka ma ƙauye ya saba, daga zauren gida zuwa mai unguwa, sannan dagaci.

Masu unguwanni, limamai da fastoci su zagaya iyakoki da burtali tun da rani, su zaunar da masu jayayya kafin a kai garma gona.