Ko Ya Dace Dattijo da Uwargidansa Su Fita Jin Kiɗa da Dare?

Akwai tambayoyin da suke kama da na wasa, amma in an dube su da kyau sai a tarar zaman gida ne gaba ɗaya a cikinsu. Ga ɗaya daga cikinsu. A ɗauka akwai wani dattijo a Tsinga, kusa da unguwar Briqueterie a birnin Yawunde, wanda ya yi ritaya bayan shekaru masu yawa yana aiki. 'Ya'yansa sun yi aure, kowa ya kama gidansa. Sai ya ji labari cewa waɗansu samari za su yi daren kiɗa don tunawa da wani makaɗi da ya rasu tuntuni, za su buga waƙoƙinsa kamar yadda shi ya saba bugawa. Ya ce wa matarsa, "Uwargida, ki shirya, yau da ke za mu fita." Ta ɗaura zanenta mai kyau, suka tafi su biyu. Kafin gari ya waye magana ta zaga unguwa. Waɗansu suna dariya, waɗansu suna cewa girma ya faɗi. To, laifi suka yi, ko kuwa abin kirki?

Wane irin kiɗa ne?

Kafin a yanke hukunci ya kamata a san abin da ya kai su. Kiɗan da ya fi suna a Yawunde shi ne bikutsi, na mutanen Beti, wanda asalinsa da balafon ake yinsa, wato kayan kiɗan nan na katako da ake bugawa da sanduna. A shekarun 1970 Messi Martin da ƙungiyarsa Los Camaroes suka mai da shi kan jitar lantarki, suka sa wani abu mai laushi a tsirkiyoyin jitar domin muryarta ta yi kama da ta balafon. A tsakiyar shekarun 1980, daidai lokacin da talabijin ya fara aiki a Kamaru, sai ga Les Têtes Brûlées, ƙungiyar Jean-Marie Ahanda. Suka haɗa bikutsi da zafin kiɗan rok na Turawa, suka yi askin ban mamaki, suka zane jikinsu da farin fenti. Gwaninsu na jita shi ne Théodore Epémé, wanda aka fi sani da Zanzibar. Ya rasu a 1988 yana saurayi, sunansa na tashe. Ƙungiyar ta ci gaba bayansa, har ta raka 'yan ƙwallon Kamaru zuwa Italiya a 1990.

Sai a yi lissafi. Wanda yake da shekara 25 a 1988 ya cika 60 a 2023. Ashe kiɗan da ake kira na yara marasa ji a wancan zamani, yau na masu furfura ne. Haka abin yake a ko'ina. Beatles na Ingila sun rabu a 1970, amma tun 1980 akwai ƙungiyar Bootleg Beatles da take kwaikwayonsu. Elvis Presley ya rasu a 1977, masu kwaikwayon muryarsa da tufafinsa kuwa ba su ƙare ba a Amurka. A ƙasar Hausa ma, bayan rasuwar Mamman Shata a 1999, waƙoƙinsa ba su bar bakin mawaƙa ba. Dattijon Tsinga bai je neman sabon abu ba. Kiɗan samartakarsa ne aka dawo da shi.

Abin da masu suka suke faɗi

Kada a raina maganar maƙwabta, gama ba dukanta ce gulma ba. Na fari, suna cewa babba madubi ne. In jikoki suka ga kakansu yana tiƙar rawa cikin taro, da wane baki zai hana su yawon dare? Na biyu, suna cewa wuraren kiɗa da yawa ba su rabuwa da giya, kuma gaskiya ne akwai waƙoƙin bikutsi masu batsa waɗanda ɗa ba zai iya ji a gaban mahaifiyarsa ba. Na uku, kuɗin fansho ba shi da yawa, ga magani, ga kuɗin makarantar jikoki. Na huɗu, kunya. A al'adar Hausa mace ba ta kiran sunan mijinta, kuma ba a saba ganin miji da mata masu shekaru suna jerawa a hanya kamar ango da amarya ba.

Uku na farko gargaɗi ne na gaskiya, za a komo kansu. Amma ba fitar suke hanawa ba, suna nuna yadda ya kamata a yi ta ne. Na huɗun shi ne tushen gardamar.

Zancen da ya ƙare ran biki

Kowa ya san zance. Saurayi yakan yi wanka da yamma, ya sa rigarsa mai kyau, ya je ƙofar gidan su yarinya, su daɗe suna hira a kan abin da bai taka kara ya karya ba. Ba wanda yake ganin laifinsa. Amma da zarar an ɗaura aure sai zance ya mutu. Shekara 30 ko 35 hirar gida ba ta wuce cefane, da kuɗin haya, da zazzaɓin yaro, da wanda za a aurar bana. Ba ƙiyayya ta kawo haka ba, hidima ce ta yi yawa.

Ran da aka yi ritaya sai asiri ya tonu. Yara sun tafi, ofis ya rufe ƙofarsa, mutum biyu suna zaune a ɗaki ɗaya ba su san abin da za su ce wa juna ba. Maigida ya koma majalisar abokansa daga safe har dare. Uwargida ta koma zumuntar mata da gidajen 'ya'yanta. Ba faɗa, ba saki, amma kowa yana tsufa shi kaɗai. Wannan kaɗaici na cikin aure ya fi na gwauro ciwo, domin ba mai ganinsa balle ya yi jaje.

Kunya abu ne mai kyau, kuma gidan da ba ta ciki ya lalace. Amma an yi kunya domin ta tsare mutunci ne, kamar yadda ake yin shinge domin a tsare shuka. In shingen ya hana shukar ruwa da rana, ya ɓata aikinsa. Mutumin da ya iya fita da abokansa kowace yamma ba a ce kome ba, amma ya fita da matar da ta haifa masa 'ya'ya sau ɗaya a ce ya zubar da girma, lalle ma'aunin nan yana bukatar gyara. Littafin Karin Magana, sura 5, ya umarci miji ya yi murna da matar da ya aura tun yana saurayi, bai kuwa sa ranar da umarnin zai daina aiki ba.

Kwaikwayo da haɗarinsa

Akwai mai cewa, ai makaɗin ya mutu, waɗannan yaran kwaikwayo kawai suke yi, mene ne amfanin biyan kuɗi a kan inuwa? Amsar ita ce ba wanda aka ruɗa. Kowa a ɗakin ya san ba Zanzibar ne a kan dandamali ba. Abin da tsofaffin suka je nema ba mamacin ba ne. Waƙa takan riƙe abin da ƙwaƙwalwa ta saki. Da jin sautin jitar, sai uwargida ta tuna ɗakin haya na farko, da rediyon da suka saya da albashin farko, da daren da ruwa ya kama su a hanya. Tunawar da mutum biyu suka yi tarayya a cikinta dukiya ce da ba mai iya rabawa da su, ko 'ya'yansu.

Duk da haka, a nan ne ainihin haɗarin yake, ba a wajen da maƙwabta suke dubawa ba. Hausawa sun ce kowa ya tuna bara bai ji daɗin bana ba. Samarin nan suna kwaikwayon abin da ya riga ya ƙare, ba su da wata hanya. Amma aure bai ƙare ba. In dattijo ya je wurin yana neman yarinyar 1988, ya juya ya ga tsohuwa mai ciwon gwiwa, ransa ya ɓaci, to, shi ma ya zama mai kwaikwayo, yana buga waƙar auren da ya ɗauka ya mutu. In kuwa ya dubi wannan tsohuwa ya gane cewa ita ce ta bi shi cikin dukan shekarun nan, cikin samu da rashi, sai ya koma gida da godiya. Kiɗa ɗaya ne, ɗaki ɗaya ne, amma wani ya fito da baƙin ciki, wani da farin ciki. Bambancin yana cikin zuciyar da aka shiga da ita.

Lokaci ba ya jira

A 2 Sama'ila sura 19 akwai labarin Barzillai, attajirin da ya ciyar da sarki Dawuda lokacin da yake gudun ɗansa Absalom. Da sarki ya gayyace shi ya zauna tare da shi a Urushalima, sai ya ƙi. Shekararsa 80, bakinsa ba ya rarrabe daɗin abinci, kunnensa ba ya jin muryar mawaƙa. Wannan rana tana zuwa ga kowa. Tsakanin ritaya da ranar Barzillai akwai 'yan shekaru kaɗan waɗanda ƙafa take iya hawan tudun Tsinga, kunne kuma yake ji. Bayansu ɗaya zai riga ɗaya tafiya. A tambayi gwauraye a kowace ikilisiya. Da wuya a sami wadda take nadamar daren da ta fita da mijinta, amma masu cewa "da mun sani" suna da yawa.

Kammalawa

Saboda haka fitar ba laifi ba ce, amma tana da sharuɗa. A zaɓi wuri, a kuma binciki irin waƙoƙin da za a yi, gama furfura ba ta mai da batsa ta zama tsabta. A koma gida cikin hankali kamar yadda aka fita. Kada a taɓa kuɗin magani ko na makaranta. A tabbata uwargida tana so, ba jan ta aka yi ba; in ita waƙoƙin mawaƙan ikilisiya ta fi so, sai a bi nata wannan karo. A kuma kiyaye haƙƙin maƙwabta, Musulmi da Kirista, kada a dawo da hayaniya mutane suna barci. Wanda ba shi da kuɗin tikiti ma bai rasa ba. Tafiya da ƙafa zuwa wurin masu tsire na Briqueterie, a zauna a ci tare, ta isa ta ta da zancen da ya yi shekaru yana barci.

Ga 'ya'ya kuma, maimakon su ji kunyar iyayensu, gara su saya musu tikitin, su nemo musu motar da za ta komo da su lafiya. Jikan da ya ga kakansa yana riƙe wa kakarsa jaka a bakin ƙofa ya koyi wani abu game da aure wanda wa'azi goma ba su koya masa ba.