Baba Ya Ƙi Zama

Yau ba labarin soyayya na kawo muku ba kamar yadda na saba a littattafaina. Magana ce ta cikin gidanmu, wadda ta kusa haɗa ni faɗa da Yayana shekaru biyu da suka wuce. Tambayar ita ce: abin kunya ne ga 'ya'ya a ga tsohonsu yana fita nema bayan ya wuce shekarun aiki?

Ni 'yar Kakuri ce, nan aka yanke mini cibiya. Duk wanda ya san tsallaken kogin Kaduna ya san unguwar masaƙu ce. Tun zamanin Sardauna aka buɗe KTL a 1957, UNTL da Arewa Textiles suka biyo baya, ga kamfanin Peugeot da ya fara haɗa motoci a 1975. Inna ta ce a da idan aka busa jiniyar canjin aiki, kekuna kan cika titi har yaro ba ya iya tsallakawa. Ni dai wutsiyar abin na tarar. KTL ta rufe a 2002, UNTL a 2007, aka bar magidanta birjik a zaune, wasu har suka koma ga Allah suna jiran haƙƙinsu.

Babanmu makanikin injin saƙa ne a ɗaya daga cikin masaƙun nan. Shi bai yi ritaya ba, aikin ne ya tafi ya bar shi. Sai ya kafa 'yar rumfa kusa da kasuwar Monday yana gyaran keken ɗinki, da ita ya ciyar da mu mu bakwai, da ita ya aurar da ni. Yanzu ya ba saba'in baya.

To ana nan sai Allah ya buɗa wa Yaya a Abuja. Ya zo hutun Sallah, ya bi ta kasuwa a mota shi da wani abokinsa, sai ga Baba ya rungumo kan keke, hannu duk baƙin mai. Yaya ya shigo gida idonsa jajir.

"Baba, don Allah ka rufa mana asiri. Me mutane za su ce? A ce muna raye kana wannan wahala?"

Baba ya ce, "Wa ya ce maka wahala nake sha?"

Ba a saurare shi ba. Yaya ya yanka masa kuɗin wata, aka sa wa rumfa kwaɗo. Ba zan ɓoye muku ba, har da ni a masu cewa ya huta. A ganina a lokacin mun yi abin da 'ya'yan kirki ke yi.

Wata huɗu Baba ya yi a zaure. Ya saurari rediyo har ya gaji, ya koma ƙirga kajin Inna, ya koma leƙa tukunya yana cewa gishiri ya yi yawa. Mutumin da ba a taɓa jin muryarsa a tsakar gida ba ya zama mafaɗaci. Ya rame, barci ya ƙaurace masa. Abin da ya fi taɓa ni shi ne ranar da na kai yarana, ƙaramar ta ruga ta ce, "Kaka, kuɗin alawa." Ya sa hannu a aljihu ya fito da shi wayam, saboda saƙon Yaya ya yi jinkirin kwana uku, shi kuwa ba zai iya buɗe baki ya tambayi ɗan da ya haifa ba. Ya yi murmushi ya kau da kai. Allah sarki. Ashe mun ba shi abinci mun ƙwace masa hannun kyauta. Inna ce ta gaji ta ce, "Ku mayar da shi rumfarsa. Da zaman banza gara aikin kishiya."

Daga nan na fara tunanin, wai shin wa ya ce ƙarfin mutum yana ƙarewa a shekara sittin? Ƙa'idar aikin gwamnati ce: shekara 60 da haihuwa ko 35 a bakin aiki, duk wadda ta riga zuwa. Ita kanta gwamnatin tana matsar da iyakar idan ta ga dama. A 2022 Shugaba Buhari ya sa hannu a dokar da ta kai malaman makaranta shekara 65 ko 40 a aiki. Farfesoshin jami'a sai 70, alƙalan manyan kotuna ma an daidaita nasu a 70 a 2023. Kenan lissafin ofis ne, don a san ranar da wani zai tashi wani ya zauna. Manomi da tela da mai tireda ba su taɓa sanin wannan lissafi ba, ba su kuma da fansho. A Faransa mutane sun cika tituna a 2023 don an ce su yi aiki zuwa 64 maimakon 62. Mu nan kuwa mutum ne zai je ya yi takardar rantsuwa ya rage shekarunsa don kada a sallame shi, saboda ya ga abin da ya samu waɗanda suka riga shi.

Amma kada in yi wa Yaya rashin adalci, fushinsa yana da inda ya dace. Akwai wani dattijo da ke gadi a wani gida a Barnawa, inda nake kai ɗinki. Ya girmi Baba. Cikin hunturu yana kwana a bakin get da tocila da sanda, idonsa ma ba ya gani sosai, ɓarawon da zai kama sai dai in shi ɓarawon ne ya ji tausayinsa. Na tambaye shi ko ba shi da 'ya'ya, ya ce suna nan, kowa yana fama da kansa. Wannan ba son aiki ne ya fito da shi ba, yunwa ce. Tun da aka cire tallafin man fetur a 2023 irinsa sun ƙaru a kan titi, kowa da idonsa ya gani.

Abin da na gane shi ne, ba fitar tsoho ce abin dubawa ba. A duba, idan ya tashi da ciwon baya ya ce yau ba zai fita ba, za a ɗora tukunya a gidan? In za a ɗora, to aikin nasa ne, a ƙyale shi da abinsa. In ba za a ɗora ba, to mu 'ya'ya mu ne da amsa tambaya, kuma kulle shi a zaure ba ya cikin amsar. Masu cewa tsofaffi sun tare wa matasa wuri kuwa, a ofis suna da gaskiya, kujera ɗaya ce. A rumfa ba haka ba ne. Yara biyu ne ke koyon gyara a hannun Baba, da ya zauna su ma zaman suka yi.

Ke da mijinki ke aikin albashi, wannan magana taki ce tun yanzu. Kada ki jira ranar da zai shigo da takardar sallama. Na ga gidaje da yawa da aka karɓi giratuti aka zuba a kasuwancin da maigida bai san kansa ba, ko aka sayi Keke Napep aka ba wani yaro, shekara ba ta zagayo ba babu keken babu kuɗin. Sana'ar da ke riƙe tsoho ita ce wadda hannunsa ya riga ya sani, wadda kuma zai iya yi a zaune: gyare-gyare, tireda a ƙofar gida, kiwon kaji ko awaki, ɗan lambu a bakin kogi da rani idan akwai yaron da zai yi ban ruwa. Tsohon malami ya tara yaran unguwa da yamma ya koya musu karatu. Dako da gadin dare da tuƙi da raunin ido, waɗannan a yi ƙoƙari a raba shi da su. Ki lallaɓa shi ya fara tun yana da sauran shekara biyar a ofis, ko da ranar Asabar kawai.

Mun buɗe wa Baba rumfarsa. Yana fita da hantsi ya dawo bayan Azahar, yaran ne ke ɗaukar masu nauyi. Yaya yana aiko da kuɗinsa kamar kullum, amma har yau in ya zo gari ba ya bin wannan layin da mota.

Sai dai akwai abin da ya hana ni sakewa. Duk wannan rigima da aka yi, ba wanda ya ambaci Inna. Shekara talatin tana ƙuli-ƙuli a tsakar gida, ita ce suyar gyaɗa, ita ce matsar mai, kafaɗarta har ta kan hana ta barci. Yaya bai taɓa jin kunyar wannan ba, ni ma ban taɓa ji ba, saboda abokin kowa bai taɓa ganinta daga cikin mota ba. Wanda yake son aikinsa mun hana shi, ita kuwa ko tambayarta ba mu yi ba.

Ran nan na same ta tana tuƙa tunkuza, na zauna kusa da ita na ce, "Inna, ke fa? Kina son ki daina?"

Ta tsaya, ta share gumi da bakin zaninta, ta dube ni.

"Tun yaushe nake so," in ji ta. "Wa ya tambaye ni?"