Mene Ne Amfanin Sa Hannun Gwani?

A Daddara, bisa hanyar Katsina zuwa Jibiya, wani saurayi ya nuna mini wani ɗan littafi da yake ajiyewa a ƙarƙashin akwatinsa. Babu lissafi a ciki, babu wasiƙa. Sunaye ne kaɗai na 'yan kokawa da 'yan ƙwallo, kowa da hannunsa ya rubuta. Waɗanda ba su iya rubutu ba sun dangwala yatsa. Ya ce sau da yawa ya ƙetare iyaka, ya bi ta Ɗan Isa har Maraɗi, ya tsaya cikin rana a bakin filin kokawa domin ya sami waɗannan. Na buɗe wani shafi na ce masa, "Ɗana, mai wannan yatsa fa, ina yake yanzu?" Ya yi shiru, sa'an nan ya ce, "Baba, ban sani ba. Tun da aka kā da shi ban ƙara jin labarinsa ba."

Ya mai karatu, bari mu yi tunani a kan wannan. Daidai ne mutum ya bi gwani yana roƙon sa hannunsa?

Da fari dai, ba laifi ba ne a girmama gwaninta. Tun kaka da kakanni, idan an gama girbi akan buɗe fagen kokawa, makaɗa su kaɗa, 'yan kallo su yi kari. A 1975 ƙasar Nijar ta soma gasar takobi a Tawa, Kantu na Maraɗi kuwa shi ne ya fara ɗaukar takobin. Wanda ya kai wannan matsayi ya sha wahalar da mu ba mu gani ba, gama kowa ya ci zomo ya ci gudu. Yaron da ya taka da ƙafarsa domin ya ga irin wannan mutum ido da ido, abin kirki yake nema.

Shi gwanin kuma akwai abin da ya wajaba a kansa. Muhammad Ali, sarkin damben duniya, ya sha ba da labari cewa tun bai yi suna ba ya daɗe yana jira a ƙofar Sugar Ray Robinson a birnin New York domin ya sami sa hannunsa, amma Robinson ya wuce bai ba shi ba. Abin ya yi masa zafi ƙwarai, har ya ƙudura ba za ya yi wa wani yaro haka ba. Ashe ɗan rubutun nan da ba ya cin minti ɗaya yana iya ɗaga zuciyar yaro, rashinsa kuma yana iya karya ta.

Amma akwai ramuka uku a wannan hanya.

Na ɗaya, kada takarda ta zama laya. Waɗansu suna ji kamar wani abu na ƙarfin gwani ya shiga cikin tawadar. Ba haka ba ne. Ƙarfin ɗan kokawa yana cikin sammako da horo da haƙuri, waɗannan kuwa ba su bin alƙalami. Wanda ya kwana da sunan gwani a ƙarƙashin matashi, da safe da ƙarfin jiya za ya tashi.

Na biyu, kada girmamawa ta koma ciniki. A Amurka da Ingila ana sayar da irin wannan sa hannu da kuɗi mai yawa. Inda kuɗi ya shiga kuwa ha'inci ba ya nisa. A 1999 hukumar binciken laifi ta Amurka ta kai samame kan mutanen da suka mai da kwaikwayon sa hannun 'yan wasa sana'a, suna sayar wa jama'a. Ka ga, abin da ya ba takardar saurayin Daddara daraja shi ne ya je da kansa, an yi gaisuwa, an dubi juna. Idan an cire wannan, me ya rage? Tawada ce kawai.

Na uku shi ne mafi zurfi, watau mu karɓi sunan mutum mu yar da mutumin. Ka tuna da Dick Tiger. A watan Agusta 1963 ya ci Gene Fullmer a filin wasa na Liberty a Ibadan, ya riƙe kambun damben duniya, Nijeriya duka ta yi murna. Yaƙin basasa ya cinye dukiyarsa mai yawa. Daga baya ya yi aikin gadi a wani gidan kayan tarihi a New York, ciwon hanta ya kama shi, ya komo gida ya rasu a Disamba 1971 yana da shekara 42. Hannun da ya yi gadi, shi ne hannun da aka yi ta rububin samun rubutunsa. Hausawa sun ce duniya rawar 'yan mata ce, na gaba ya koma baya.

To, ga ma'aunin da za mu auna kanmu da shi. Mutumin da ka roƙi sa hannunsa ranar da ya yi kaye, za ka miƙa masa naka hannu ranar da aka kā da shi? Idan za ka miƙa, lalle mutumin kake girmamawa, littafinka kuwa shaidar zumunci ne. Idan ba za ka miƙa ba, nasararsa kaɗai ka so, kamar ƙuda a bakin tukunyar zuma.

Ban ce wa saurayin nan ya ƙone littafinsa ba. Na ce masa idan ya sake samun gwani, kada ya karɓi suna ya juya. Ya tambaye shi wane ne ya koya masa, sau nawa ya sha ƙasa kafin ya iya. Na kuma tuna masa cewa da wuya a rasa tsohon ɗan kokawa a ƙauyukanmu, wanda dā ganguna suka san sunansa, yau kuwa gwiwa ta hana shi noma. Wannan ba ya bukatar a ƙetare iyaka kafin a gan shi. A je a gaishe shi, a kama masa aikin gona ko da na yini ɗaya.

Kai fa, mai karatu, sunan wane ne ka ajiye, yaushe rabonka da tambayar lafiyar mai sunan?