Hoto A Rigar Zane: Wa Aka Yaudara?

Da mai ɗaukar hoto da mai zane da buroshi, ba alkawari ɗaya suka yi wa mai kallo ba. Mai hoto shaida yake bayarwa cewa yana wurin, kuma haka abin ya kasance. Shi kuwa mai zane, kowa ya san akwai ra'ayinsa a cikin aikinsa. To, tun da Photoshop ta fito a 1990, sai ga shi mutum yana iya ɗora hoto a kwamfuta, ya goge ƙananan layukan fuska, ya ƙara wa launi kauri, ya bi shi da alamun buroshi, har ka rantse da fenti aka yi shi. Yau ma da wayar hannu ake yi nan take. Shin wannan yaudara ce?

A ganina, dangane da abin da ke cikin hoton, babu yaudara. Wanda ya mayar da hoto zane ya janye shaidarsa ne da kansa, ya ce wa mai kallo kada ya ɗauki wannan a matsayin hujja. Haɗarin yana ga wanda ya taɓa hoto amma ya bar shi da kamannin hoto. Alal misali, a 1994 mujallar Time ta Amurka ta ƙara wa fuskar O.J. Simpson duhu a bangonta, alhali Newsweek ta buga hoton nan yadda 'yan sanda suka ɗauke shi. Da jama'a suka jera su biyun, Time ta sha suka.

Inda gizo ke saƙar shi ne batun wahala da haƙƙi. Mai sayen zane yana zaton idon mai zanen ne ya zaɓi hasken da yadda mutum ya karkata kai, alhali wataƙila wani ne ya tsaya da kyamara yana jiran wannan lokacin. Mu ma marubuta mun san irin wannan, domin akwai masu kwaso labarin fim su sauya sunayen taurari su ce nasu ne.

Dubi Shepard Fairey, wanda ya yi shahararriyar fastar Barack Obama ta zaɓen 2008. Daga hoton da Mannie Garcia ya ɗauka wa kamfanin dillancin labarai na AP a 2006 ya fitar da ita. Babu shakka ya ƙara abin da babu a hoton, har ma ni ina ganin aikinsa ya cancanci a kira shi sabuwar fasaha. Amma da rigima ta kai kotu, sai ya ce wani hoton daban ya yi amfani da shi, ya kuma lalata wasu takardu don ya ɓoye gaskiya. Shi da AP sun sasanta a 2011. Hukuncin da aka yi masa a 2012, wato tarar dala 25,000 da aikin al'umma na awa 300, ba na aron hoton ba ne, na ƙaryar da ya yi wa kotu ne.