Haƙuri Ko Tashi Tsaye: Ta Wace Hanya Ake Gyara Al'umma?

Akwai maganar da ba a rasa ji a duk inda mata suka taru, ko a gidan suna, ko a makarantar matan aure, ko a layin awo a asibiti. Da an taɓo abubuwan da suka dame mu, kamar yawan sakin aure, ko cire yarinya daga makaranta tun ba ta iya karanta wasiƙa ba, ko rasuwar mace wajen haihuwa saboda an makara kai ta asibiti, sai ki ji wata ta yi ajiyar zuciya ta ce, "To ya za mu yi? Haka muka taso muka tarar." Shin abin da aka tarar yana canzuwa kuwa? In yana canzuwa, ta wace hanya? Ta karantarwa da lallashi, ko ta tashi tsaye a faɗi gaskiya komai ɗacinta? Ba sai mun je nesa neman amsa ba, domin tarihin ƙasarmu ya bar mana misalai biyu, ɗaya ma a nan Zariya ya faru.

Na farko shi ne na Nana Asma'u 'yar Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, wadda aka haifa a 1793. Bayan jihadi, akwai ɗimbin mata a ƙauyuka da ba su san ko hukuncin tsarki ba, da yawansu kuma bori suka dogara da shi in ciwo ko damuwa ta same su. Ita kaɗai ba za ta iya zagaya ƙauyukan nan ba, matan aure kuma ba za su bar gidajensu su zo wurinta ba. Sai ta zaɓi dattawan mata masu mutunci a garuruwansu, ta naɗa kowacce jaji, ta ba ta malfa da jan rawani. Jaji ta kan jagoranci tsofaffi da 'yan mata zuwa wurin Nana, su haddace waƙoƙin da ta tsara, su koma su koyar da na cikin gida. Su ne ake kira 'Yan Taru. Ki lura da hikima a nan: malfar nan a da alama ce ta Innar Gobir, shugabar masu bori. Nana ta ɗauki abin da mata suka saba girmamawa ta ɗora shi a kan malamai. Bayan rasuwarta ƙanwarta Maryam ta ci gaba da aikin, kuma tsarin ya wuce zamanin Turawa bai mutu ba.

Na biyu shi ne na Hajiya Gambo Sawaba, wadda aka haifa a 1933, ta yi ɗan karatun firamare a nan Tudun Wada kafin maraici ya katse mata shi, aka yi mata aure tana da shekara 13. Ta shiga jam'iyyar NEPU da aka kafa a Kano ranar 8 ga Agusta, 1950, ta zama jagorar matanta. Abin da take kira a kai a fili yake: a daina aikin tilas, a daina aurar da ƙananan yara, a sa 'ya'ya mata a makaranta, a ba matan Arewa damar jefa ƙuri'a. Har Abeokuta ta je wurin Funmilayo Ransome-Kuti, wadda gwagwarmayar matan da ta jagoranta a kan haraji ta sa Alake ya sauka daga sarauta na wani lokaci a 1949. A kan wannan hanya Gambo ta sha duka, an kore ta daga Kano, an kuma ɗaure ta har sau 16.

To wace ce ta fi dacewa a yi koyi da ita? Wata za ta ce hanyar Gambo ba ta kamaci matar aure mai kunya ba. Wata kuma ta ce ai Nana 'yar Shehu ce, 'yar uwar Sarkin Musulmi Bello, matar Waziri Giɗaɗo, wa zai hana ta? Kowacce tana da ƙamshin gaskiya. Amma in muka duba da kyau, abin da ya tare wa kowaccensu hanya daban ne. Nana jahilci ta fuskanta, hukuma kuma tana bayanta, shi ya sa karantarwa ta wadatar. Gambo doka ce da masu iko suka tare ta. Ko da ta karantar da matan Arewa duka, ranar zaɓen 1959 za su zauna a gida ne, alhali matan Kudu suna kan layi, tun da doka ce ta hana su. Jahilci da ilimi ake maganinsa. Zalunci kuwa sai an sami wanda ya buɗe baki ya kira shi da sunansa, ya kuma jure abin da zai biyo baya. Kuskuren da masu neman gyara kan yi shi ne su kai zafi inda lallashi ake buƙata, ko su yi ta lallashi inda ya kamata a tsaya kai da fata.

Abu na biyu da tarihin nan ke koya mana ya shafi lokaci. NEPU ba ta taɓa kafa gwamnati ba har aka rushe jam'iyyu a 1966. In da kujera ake auna nasara, sai a ce ta faɗi. Amma ki bi buƙatunta ɗaya bayan ɗaya. Bayan 1966 gwamnatin soja ta karɓe kotuna da gidajen yari da 'yan doka daga hannun En'e. A 1976 aka ba matan Arewa damar zaɓe. A 1979 Abubakar Rimi a Kano da Balarabe Musa a Kaduna, gwamnonin PRP ta Malam Aminu Kano, suka soke haraji da jangali. A 2019 aka zaɓi Dokta Hadiza Balarabe mataimakiyar gwamnan Jihar Kaduna, shekara 43 ke nan bayan mace ta sami ikon riƙe ƙuri'a. Yawancin waɗanda suka sa hannu a dokokin nan ba 'yan NEPU ba ne. Abin da ya faru shi ne an yi ta maimaita maganar a kasuwa da zaure da gaban alƙali, har kunne ya saba da ita, abin da ake gani kamar hauka a 1952 ya zama abin da ba a musu a kai. Mai dasa giginya ba lallai ya sha 'ya'yanta ba, kuma wannan bai sa dashen ya zama asara ba.

Sai dai akwai gargaɗi. PRP ɗin da ta kawo wancan sauƙi ba ta jima ba ta rabe gida biyu, 'yan santsi da 'yan taɓo. A Kaduna kuma majalisar da 'yan NPN suka fi rinjaye a cikinta ta ƙi amince wa Balarabe Musa da kwamishinoni, daga bisani ta tsige shi a watan Yunin 1981. Wato riƙe gaskiya kaɗai ba ya isa in ba a tara isassun mutane a bayanta ba, kuma sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Ƙungiyoyin mata nawa muka gani sun fara da zafi, sannan rigimar wace ce Amira, wace ce ma'aji, ta watsa su kafin shekara ta zagayo?

Abu na uku shi ne amana. A 2003 aka dakatar da rigakafin shan inna a Kano saboda zargin da ya bazu a kan maganin, cutar ta sake yaɗuwa har zuwa wasu ƙasashe. An dawo da rigakafin a 2004, amma ɗage takunkumi bai buɗe ƙofofin gidaje ba. Abin da ya buɗe su shi ne shigowar sarakuna da malamai, da matan unguwa, ciki har da 'yan FOMWAN, waɗanda suka bi gida gida suna magana da uwa a tsakar gidanta. A watan Agustan 2020 aka tabbatar da cewa Afirka ta rabu da ƙwayar cutar ta asali. In kin duba, dabarar jajin Nana ce aka sake amfani da ita: saƙo ya fi shiga in ya fito daga bakin wadda aka sani, aka kuma yarda da halinta.

Yanzu mu dawo gida. Babban buri yana da kyau, amma sai an yanka shi gunduwa-gunduwa yake haɗiyuwa. "A gyara tarbiyya" magana ce da ba wanda zai ƙi, ba kuma wanda zai san ranar da aka cim mata. Amma in matan layi ɗaya suka ce ba yarinyar da za ta bar makaranta saboda kuɗin jarrabawa, ko suka buɗe adashe na musamman don kuɗin motar kai mai naƙuda asibiti cikin dare, wannan abu ne da za a iya ƙirgawa a ƙarshen shekara. A rubuta shi a littafi, a san abin da ya shigo da abin da ya fita. A sa maigida a ciki tun farko, a je wa liman da mai unguwa da maganar, domin gyaran da aka yi a bayan idon maza yakan tsaya a bakin zaure. Inda aka ga an danne haƙƙin marainiya ko na wadda aka saka aka hana ta abincin 'ya'yanta, a nan kuma shiru ba kunya ba ce, sai a raka ta inda za a bi mata haƙƙinta, cikin ladabi, ba zagi ba cin mutunci. Sannan kowace shugaba ta riƙa jan wata ƙarama a jiki, don kada aiki ya mutu ranar da ta gaji.

Hajiya Gambo ta rasu a 2001, yau babban asibitin Ƙofar Gayan sunanta yake ɗauke da shi, a garin da aka taɓa ɗaukar ta mai tayar da fitina. Abubuwa da yawa da muke mora yanzu, daga katin zaɓe zuwa ajin matan aure, wasu ne suka tarar babu, suka ƙi yarda a bar su haka. 'Ya'yanmu ma za su taso su tarar da abin da muka bari. Allah Ya ba mu ikon gane inda ake haƙuri da inda ake magana, Ya haɗa kawunanmu a kan alheri, amin.